Rafin da Lissafina Ya Ce Ya Warke

Ranar Lahadin da ta wuce, a wajen walimar suna a Takoma Park, a gefen Washington, ina zaune ina cin waina sai 'yar ƙanwata Nafisa ta zo da abokan karatunta suka gaishe ni. Duk 'yan jami'a ne, a nan aka haife su, Hausarsu rabi da rabi. Wani daga cikinsu ya tambaye ni aikin da na yi kafin in yi ritaya. Ban buɗe baki ba Nafisa ta riga ni. Ta ce, "Kawu ai lambobi yake ba kwamfuta, ita kuma ta gaya masa abin da ruwan sama zai yi wa daji nan gaba. Yanzu wannan ko a waya za ka yi shi kafin shayinka ya huce." Suka yi dariya, ni ma na yi. Wurin biki ba wurin dogon bayani ba ne. Amma maganar ta biyo ni har gida Beltsville, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ku da duk wanda ke ganin sana'ar nan danna maɓalli ce kawai.

Bari in fara da abin da aikin yake. Tashoshin wutar lantarki masu ƙona kwal, can yamma da mu, suna fitar da hayaƙi mai ɗauke da farar wuta. Iska ta kwaso shi, ya haɗu da gajimare, ya sauko cikin ruwan sama ko dusar ƙanƙara da tsami a jikinsa, wato asid. Wani ma ba ya jiran ruwa, a bushe yake sauka kan ganye. Ba tsamin da zai ƙona maka fata ba ne, in ya zuba a hannunka ba za ka ji komai ba. Ƙasar daji ce ke ji. Duk wadda ta taɓa dafa yakuwa ta san in tsami ya yi yawa kanwa ake jefawa ta kashe shi. To ƙasa ma tana da tata kanwar, kalsiyam da 'yan'uwansa, waɗanda duwatsu ke saki kaɗan-kaɗan in suna marmashewa. Muddin akwai su, ƙasa na kashe tsamin kafin ruwan ya kai rafi. In suka ƙare, tsamin ya wuce, kuma ya narkar da alminiyam ɗin da ke cikin ƙasar ya tafi da shi cikin ruwa. Alminiyam ɗin nan shi ke toshe wa kifi hanyar numfashi. Aikinmu shi ne mu gina lissafi a kwamfuta, wanda muke kira modal, da zai ce: in hayaƙi ya ragu, yaushe ƙasar nan za ta farfaɗo, yaushe rafin nan zai sake riƙe kifi.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a, rami ne. Na zo daga Zariya da karatun kimiyyar ƙasa, na ƙaro digiri a nan, na sami gurbi a wani ƙaramin ofishin bincike a Beltsville. Na je ranar farko da kwat da taye, ina tsammanin za a nuna mini tebur. Wadda aka haɗa ni da ita, Dokta Ruth, wata doguwar baturiya mai furfura da hannu kamar na manomi, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Isyaku, gobe ka zo da tufafin da ba ka so." Washegari muka yi tafiyar awa biyu da wani abu zuwa tsaunukan Virginia. Ta miƙo mini shebur ta ce in haƙa har sai na iske dutse. Na haƙa har kwankwasona ya shige. Ta shiga ramin da wuƙa, tana yankar bangonsa tana nuna mini hawa-hawa: baƙar ƙasar sama ta ruɓaɓɓen ganye, mai launin toka a ƙarƙashinta, sannan ja. Kowane hawa da jakarsa, kowace jaka da lambarta, kuma da fensir ake rubutawa, domin biro in ya jiƙe ya tafi da aikin yini guda.

A ranar ne ta kai ni wani rafi da ban taɓa ganin mai kyansa ba. Ruwan garai-garai, kana ƙirga tsakuwar ƙasansa daga bakin gaɓa. Ni da na taso ina ganin jan ruwan damina, na ce mata wannan ai ruwan sha ne. Ta ce in shiga in juya dutse. Na juya ɗaya, ƙarƙashinsa fes. Na juya na biyu, na uku, na goma. Babu tsutsa, babu ƙwaro, babu ko gansakuka mai santsi. Na tsaya da dutse a hannu ina dubanta. Ta ce, "Shi ya sa yake da haske haka. Babu mai rai da zai ɓata shi." Daji kore shar, tsuntsaye na kuka a sama, ga ruwa yana gudu kamar lafiya lau, alhali matacce ne.

Wata shida na yi ban taɓa modal ba. Na koyi tankaɗe ƙasa da rariya bayan ta bushe. Na koyi kafa mazurarin tarar ruwan sama a ƙarƙashin bishiya da wani a fili, domin ruwan da ya ratso ta ganye ya fi tsami, ya wanko abin da ya sauka a bushe. Na koyi ɗiban ruwa: ka ɗauraye kwalba sau uku da ruwan rafin, ka tsaya fuskarka na kallon inda ruwan ke fitowa don kada takalminka ya gurɓata shi, ka rufe ba iska a ciki, ka sa a kula mai ƙanƙara. Na koyi na'urar auna tsami, wadda kowace safiya sai ka saita ta da ruwan gwaji, in ba haka ba ta yi maka ƙarya ido da ido. Sai bayan nan Dokta Ruth ta zaunar da ni gaban kwamfuta. Kwamfutar lokacin, in ka sa mata rafi ɗaya da safe, sai bayan Azahar za ta ba ka amsa. In ka yi kuskuren waƙafi ɗaya, ka sake jira gobe.

Ga abin da ba ku sani ba game da modal. Ba ya sanin komai sai abin da ka gaya masa. Kai za ka gaya masa zurfin ƙasar, da irin dutsen da ke ƙarƙashinta, da yawan kalsiyam ɗin da ya rage, da yawan ruwan da ke sauka. Sannan ka mayar da shi baya, zuwa zamanin da ba a fara ƙona kwal ba, ka sake shi ya taho har yau, ka ga ko amsarsa ta yi daidai da abin da ka auna a rafi. In ba ta yi ba, ka gyara ka sake. Sai ta yi daidai sannan ka bar shi ya wuce gaba ya yi maka hasashe. Matsalar ita ce, za ka iya sa shi ya yi daidai da yau alhali abin da ka gaya masa ba gaskiya ba ne. Kuskure biyu sukan rufa wa juna asiri.

Masu sayen aikinmu iri-iri ne. Akwai jami'an gwamnati a ofisoshin Northwest Washington, waɗanda nakan hau jirgin ƙasa na Metro in kai wa rahoto. Akwai masu kula da dazuzzuka, akwai lauyoyin kamfanoni masu neman inda muka yi tuntuɓe. Na tuna wani jami'i da na yi wa bayani na kusan awa guda, da zane da komai, ina nuna masa cewa amsar tana tsakanin wannan shekara da waccan. Da na gama ya rufe fayil ɗin ya ce, "Dokta, na gode. Yanzu ka ba ni shekara ɗaya tak da zan rubuta." Na ce ba ni da ita. Ya ce, "To me muka saya?" A hankali na koyi ba su abin da suke so, ina ajiye shakkuna a shafukan baya inda ba wanda ke kaiwa.

Shekaru suka tafi. Aka yi dokoki, tashoshin suka rage hayaƙi, wasu aka rufe su. Mazuraranmu suka fara nuna ruwan sama na rage tsami, abin da da muke gani kamar mafarki. Dokta Ruth ta yi ritaya, aka ba ni ragamar modal. Kwamfuta ta yi sauri, abin da ke cin yini ya koma ƙiftawar ido. Rafuka suka yi mini yawa, gwiwa ta fara ciwo, ga cunkoson hanya in za ka fita daga Washington. Sai na daina zuwa daji. Ana kawo mini sakamakon gwajin ruwa a takarda, in ɗauko taswirar duwatsu, in zuba a modal. Ban yanke shawarar dainawa ba. Kawai na waiwaya ne wata rana na ga shekara shida ban sa takalmin roba ba.

Aikin da ya kayar da ni, na wani dattijo ne, Mista Walta. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, shugaban wata ƙungiyar masu kamun kifi 'yan sa kai a wani ƙauye a gindin tsaunukan. Ya zo ofis da kansa, hula a hannu. Akwai wani rafi a bayan ƙauyensu, in ji shi, da mahaifinsa ke kai shi yana ƙarami, cike da wani kifin tsauni mai jajayen ɗigo-ɗigo a jiki, irin na asalin wurin. Tun yana saurayi kifin ya ɓace. Yanzu sun ji an ce ruwan sama ya gyaru, suna so su mayar da shi. Hukuma ta ce ba za ta ba su izini ba sai da rahoton masani. Kuma ba kifin gona za su zuba ba. Akwai rafi ɗaya tak a kwarin da ke makwabtaka da su da irin ya tsira, daga nan za a ɗebo, kuma ba su da yawa.

Ya kawo mini sakamakon ruwan da ƙungiyarsu ta yi shekaru tana ɗiba a bakin gada, inda rafin ya fito titi. Aiki mai tsabta, ba wata-wata. Na duba taswira, ta nuna kwarin na zaune kan wani dutse mai duhu-duhu da kore, mai yalwar kalsiyam. Na ɗauki bayanan ƙasa na wani rami da muka haƙa da daɗewa a kan irin wannan dutsen, ba nisa da wurin. Na zuba. Modal ya yi daidai da ruwan gada kamar an auna masa. Ya ce rafin ya warke, kuma zai ci gaba da gyaruwa. Kwana uku aikin ya ɗauke ni. Na sa hannu.

Da ganye ya fara zuba suka gayyace ni ranar ɗaukar kifin, ban samu zuwa ba, ina da taro a Washington. Hotuna suka aiko mini. Tsofaffi maza da mata, kowa da bokiti mai murfi a goye, suna hawan tsauni a jere. Mista Walta a gaba, yana da shekara saba'in da wani abu, yana dariya har ana ganin giɓinsa.

Ƙarshen hunturu aka yi dusar ƙanƙara mai yawa, sannan aka yi kwana biyu ana ruwa a kanta ba ƙaƙƙautawa. Safiyar kwana na uku ina shiga ofis waya ta yi ƙara. Mista Walta ne. Bai gaishe ni ba. Ya ce, "Dokta, ka zo ka gani." Na ce me ya faru. Ya ce, "Ka zo dai."

Na iske shi a bakin gada. Ruwan ya cika ya fara janyewa. Ya juya ya kama hanya, na bi shi. Mun yi tafiyar kamar minti ashirin sai ya tsaya a wani gurbi inda ruwa ke kwanciya a bayan wata faɗaɗɗiyar bishiya. Kifayen na nan a jere a bakin gaɓa, cikinsu fari a sama, bakinsu a buɗe. Wasu sun maƙale a cikin saiwoyi. Jajayen ɗigon nan na jikinsu ko dushewa bai yi ba. Na durƙusa na ɗauki ɗaya, na ɗaga murfin gefen kansa inda yake numfashi. Wurin da ya kamata ya zama ja wur, wata farar majina ce ta lulluɓe shi. Na san wannan a littafi, na koyar da shi, amma ban taɓa riƙe shi a hannu ba. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, da ƙarfi, ban ma san na faɗa ba.

Na fito da na'ura na tsoma. Lambar da ta nuna, na ce ƙarya ne. Na fito da ruwan gwaji na saita ta, na sake tsomawa. Ita ce dai. Na canza batir, na sake saitawa, har na zubar da rabin kwalbar. Sau uku, amsa ɗaya. Tsamin ruwan ya fi abin da modal ɗina ya ce zai iya kaiwa nesa ba kusa ba, ko da a mafi munin rana. Mista Walta na tsaye a kaina. Ya ce, "Mun bi har sama tun asuba. Ba mu ga mai motsi ko ɗaya ba." Sannan ya ce, "Ka ce ya warke." Na ce, "Na ce."

Daga cikin mota na kira Dokta Ruth, wadda na yi shekara biyu ban nema ba. Na gaya mata komai. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Da ka hau sama, wane dutse ka gani?" Na ɗaga kai na dubi tsaunin ta gilashin mota. Ta ce, "Isyaku?" Na ce ban hau ba. Ta ce in zo in ɗauke ta ranar Asabar, in taho da guduma da shebur.

Ta tsufa sosai, da sanda biyu take tafiya, amma ta hau. A bakin gada ta sa na fasa dutse: mai duhu da kore, kamar yadda taswira ta ce. Muka ci gaba, duk bayan ɗan lokaci ta nuna wani da sanda in fasa. Ba mu kai kashi ɗaya cikin uku na hawan ba, gudumar ta yi wata irin ƙara mai kaifi, dutsen ya tsage, cikinsa fari tas kamar sukari. Na fasa na gaba, fari. Na gaba, fari. Tun daga nan har ƙololuwa, farin dutsen yashi ne mai tauri, wanda ba shi da kalsiyam ɗin da zai ba ƙasa ko da za a jira shi shekara dubu. Wanda ya zana taswirar tun da can ya ja layinsa ya kauce, kuma ba laifinsa ba ne, taswirar ta yanki guda ce, ba a yi ta don kwari ɗaya ba. Na sani. Na sha gaya wa wasu.

A sama ta sa na haƙa rami. Ƙasar ba ta kai gwiwa ba na iske dutse. Ta zauna a bakin ramin tana murza ta a yatsa. Ta ce, "Yanzu gaya mini, yaushe suke ɗiban ruwansu?" Na ce wata-wata. Ta ce, "A wace irin rana?" Sai a lokacin abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Tsofaffi ne 'yan sa kai. Ranar da gari ya yi kyau suke fita. In rafi ya yi ƙasa, ruwan da ke kaiwa gada daga ƙarƙashin ƙasa yake ɓulɓulowa, ta cikin dutsen nan mai kalsiyam na gindin tsauni, shi ya sa kullum yake fitowa lafiya. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi kuwa, ruwan ba ya tsayawa nutsewa. Ta saman siririyar ƙasar nan ta kan tsauni yake kwararowa, ya kwaso tsami da alminiyam, ya cika rafin na kwana ɗaya ko biyu, ya wuce. Ba wanda ya taɓa auna wannan ranar. Kifi kuwa ba ya rayuwa da matsakaicin lissafin shekara. Rana ɗaya ta ishe shi.

Litinin na shiga ofis na ɗauko babban rahoton da muke shirin miƙawa a Washington ƙarshen watan, mai rafuka sama da ashirin. Na ɗauki fensir, na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina sa alama a kan duk wanda ban taɓa takawa har sama ba, ni ko wani daga cikinmu. Da na kai ƙarshen shafin na ƙirga, na sake ƙirgawa. Sun fi rabi. A kan rahoton nan za a tsara inda za a mayar da kifi da inda za a daina sa ido. Na zauna ina kallon alamomin fensir ɗin.

Na kai wa shugaban ofishinmu shafin. Mutumin kirki ne, yana da ma'aikata da iyalansu a wuyansa. Ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Isyaku, rafi ɗaya ne. Taswira ce ta yi kuskure. Mu ƙara sakin layi a baya mu ce akwai shakka, mu miƙa a kan lokaci." Na ce a baya na saba sa shi, kuma ga inda ya kai mu. Ya ce, "Ka san in muka janye, kwangilar ba za ta dawo mana ba?" Na ce na sani. Ya ce, "To kai za ka je ka faɗa musu, da bakinka." Na hau Metro na je. Na tsaya gaban mutum shida a ɗakin taro na ce musu rahoton da suka jira wata goma sha takwas ba zan sa masa hannu ba, ga dalili. Wata mata ta tambaye ni ko rahotannin baya ma haka suke. Na ce wasu daga ciki, zan aiko da sunayensu.

Wannan ita ce muguwar shekarar. Kwangilar ta koma wani wuri. Mutum biyu a ofishinmu suka rasa aiki, ɗaya daga ciki matarsa na da ciki. An sauke ni daga shugabancin modal, aka bar ni da tebur da rafuka kaɗan. Lauyoyin da suka daɗe suna neman tuntuɓenmu suka samu, aka riƙa ambaton sunana a tarukan da ba na nan. Kuma rafin makwabta, inda aka ɗebo kifin, sai da ya yi shekaru kafin ya mayar da abin da aka cire masa.

Abu mafi wuya shi ne taron ƙungiyar Mista Walta, a wani zaure na ƙauyensu mai kujerun ƙarfe. Na tsaya na gaya musu cewa ba ɗiban ruwansu ne ya yi kuskure ba, ba bokitinsu ba, ni ne ban hau tsaunin ba. Wata tsohuwa da ta goya bokiti duk da ciwon baya ta tashi ta fita, ƙofar ta bugu. Wani ya ce a kai ni ƙara. Mista Walta ya bari suka gama, sannan ya ce, "Dokta ya ce ranar ruwa ce ba mu auna ba. Wa ke da rigar ruwa?" Hannu huɗu suka tashi, a hankali.

Shekara uku suka yi suna fita cikin ruwan sama da narkewar ƙanƙara, su ɗiba a gada, a tsakiya, da can sama. Ni kuma duk Asabar ina kan tsaunin da shebur, gwiwa ko ba gwiwa. Na haƙa ramuka tara a kwarin nan kaɗai. Da na sake gina modal ɗin da bayanan gaskiya, amsar da ya ba ni ta fi ta ranar kifin girgiza ni. Jar ƙasar can ƙasa ta yi shekaru da dama tana tsotse farar wutar da ke sauka, kamar soso, tana ɓoyewa. Yanzu da sama ta tsabtata, sai ta fara sakin abin da ta tara, a hankali, cikin rafin. Wato an kashe hayaƙin, amma ƙasar na ci gaba da zubo na zamanin iyayenmu. Kalsiyam ɗin da zai tare shi kuwa ya riga ya tafi, farin dutse ba zai mayar da shi da wuri ba. Na sake lissafin ta hanya uku, na aika wa Dokta Ruth, na aika wa wasu biyu da ba sa raga mini. Duka suka dawo da abu ɗaya.

Na kai wa Mista Walta sakamakon da kaina. Lokacin ya daina hawa, numfashinsa ya yi rauni, yana zaune a barandar gidansa da bargo a cinya, tsaunin na bayansa. Na baje zanen a kan tebur na fara bayani. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

Ya ce, "Dokta, kifi zai dawo ko ba zai dawo ba?"

Na ce, "Zai iya dawowa. Amma ba kai za ka gani ba, ba ni ba, watakila ba 'ya'yanmu ba."

Ya daɗe yana kallon zanen, yana bin layin da yatsa har inda ya fita daga takardar. Ya ce, "Wannan karon ka tabbata?"

Na ce, "A'a. Amma wannan karon na san abin da ban sani ba, kuma na rubuta shi."

Ya gyaɗa kai. Ya ce in ɗauko fensir. Ya ce in rubuta sunan kwarin da irin kifin ya tsira, da hanyar da ake bi a kai gare shi, da gurbin da suka fi taruwa, domin wanda zai zo yin aikin nan gaba ba zai same mu ya tambaya ba. Na rubuta, yana faɗa yana hutawa. Da na gama ya ce, "Ƙara layi ɗaya. Ka ce masa kada ya ɗauki ko kifi ɗaya sai ya hau har sama da ƙafarsa, a ranar ruwa. Ko da kai ne ka ce masa ya warke."

Na rubuta kamar yadda ya faɗa, ban canza kalma ba. Shi ne shafin farko na rahoton. Lissafina a shafi na biyu ya fara.